Yadda Ake Lissafin Narkewar Gishiri Mai Wuyar Narkewa a Ruwan da Ke Ɗauke da Ayon Irin Nasa

Ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da kuma 'yan aji ɗaya na jami'a, sun yi ta turo tambaya iri guda: sun iya lissafin narkewar gishiri a tsabtataccen ruwa, amma da zarar an ce an zuba gishirin a ruwan da tuni yake ɗauke da ɗaya daga cikin ayon ɗinsa (wato ƙwayoyi masu cajin lantarki da gishiri ke rabuwa ya zama su a cikin ruwa), sai lissafin ya rikice musu. Ga matakan aikin nan bi da bi, a takarda da kuma a ɗakin gwaji. Abu guda ake so a riƙe tun daga farko: lambar Ksp, wato ninkin yawan ayon ɗin gishirin a ruwan da ya ƙoshi da shi, ba ta canzawa muddin zafin ruwan bai canza ba, abin da ke canzawa shi ne yawan gishirin da ruwan zai iya ɗauka kafin ya ƙoshi.

Mataki na 1: Tanadin kayan lissafi

Ana bukatar kalkuleta ta kimiyya mai iya fitar da sikwaya rut da kiyub rut, da lambar Ksp ta gishirin, da nauyin mol ɗinsa (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) idan an nemi amsa a giram. Harafin s a nan yana nufin adadin mol na gishirin da ya narke a lita ɗaya, harafin M kuma yana nufin mol a kowace lita.

Gargaɗi: littattafai ba su cika haɗuwa a kan lamba ɗaya ba. Wani littafin zai ba kalsiyom salfet 2.4 × 10⁻⁵, wani kuma 4.9 × 10⁻⁵. A yi aiki da lambar da aka bayar a cikin tambaya, ko da ta saɓa wa wadda aka haddace. Haka kuma a lura da yadda ake danna kalkuleta. Maɓallin EXP yana ɗauke da "sau goma" a cikinsa, saboda haka 1.8 × 10⁻¹⁰ ana danna shi ne 1.8, EXP, −10. Wanda ya danna 1.8 × 10 sannan ya ƙara EXP ya ninka lambarsa sau goma bai sani ba, kuma duk abin da ya biyo baya ya lalace.

Mataki na 2: Rubuta rabuwar gishirin da tsarin Ksp

Kafin a taɓa kalkuleta a rubuta yadda gishirin ke rabuwa a ruwa, a daidaita ɓangarorin biyu.

AgCl ⇌ Ag⁺ + Cl⁻, saboda haka Ksp = [Ag⁺][Cl⁻] = 1.8 × 10⁻¹⁰

CaF₂ ⇌ Ca²⁺ + 2F⁻, saboda haka Ksp = [Ca²⁺][F⁻]² = 3.9 × 10⁻¹¹

AgCl gishirin azurfa ne, CaF₂ kuma na kalsiyom, sannan baka mai kusurwa, kamar [Ag⁺], tana nufin yawan ayon ɗin a M. Daskararren gishirin da ke kwance a gindin kwalba ba ya shiga tsarin Ksp. Lambar da ke gaban ayon, kamar 2 da ke gaban F⁻, ita ce take hawa sama ta zama sikwaya.

Yana da kyau a fara fitar da narkewar gishirin a tsabtataccen ruwa ko da ba a tambaya ba, domin ita ce ma'aunin da za a gwada amsar ƙarshe da shi. Ga AgCl, s² = 1.8 × 10⁻¹⁰, wato s = 1.3 × 10⁻⁵ M, kimanin miligiram 1.9 a lita ke nan tunda nauyin mol ɗinsa giram 143.3 ne. Ga CaF₂, 4s³ = 3.9 × 10⁻¹¹, wato s = 2.1 × 10⁻⁴ M. Duk amsar da ta fito daga baya ta fi ta gishirin a tsabtataccen ruwa girma, alhali an ƙara ayon iri ɗaya, akwai kuskure a cikinta.

Mataki na 3: Gano ayon ɗin da ya riga ya zauna a ruwan

A nan ne mafi yawan maki ke zubewa. Gishiri na biyu, wanda aka narkar tun farko, yawanci mai saurin narkewa ne, irin su NaCl ko NaF ko Na₂SO₄ ko Ca(NO₃)₂, kuma ana ɗaukar cewa ya rabu gaba ɗaya. A rubuta rabuwarsa daban, a ƙirga ayon nawa kowane mol ɗinsa yake bayarwa. Ruwan NaCl mai ƙarfin 0.10 M yana ba da Cl⁻ 0.10 M. Ruwan CaCl₂ mai ƙarfin 0.050 M shi ma Cl⁻ 0.10 M yake bayarwa, domin kowane mol ɗaya yana sakin biyu. Idan a giram aka bayar, a mayar da shi mol tukuna: giram 5.85 na NaCl a lita ɗaya daidai yake da 0.100 M. Ayon ɗin da ba shi cikin tsarin Ksp, kamar Na⁺ ko NO₃⁻, ɗan kallo ne, a ajiye shi gefe.

Gargaɗi: ba a ninka ayon ɗin da ya zo daga gishiri na biyu da lambar da ke gaban ayon a rabuwar gishiri na farko. Idan aka zuba CaF₂ a ruwan NaF mai ƙarfin 0.010 M, F⁻ na farko 0.010 M ne, ba 0.020 M ba. Lambar 2 ta CaF₂ tana shafar abin da CaF₂ da kansa ya saki ne kawai. Ɗalibai da yawa suna ganin 2F⁻ sai hannunsu ya ninka komai, sakamakon haka amsarsu takan ragu sau huɗu.

Mataki na 4: Jadawalin farko da canji da ƙarshe

A zana layi uku ga kowane ayon: abin da ke nan da farko, abin da ya ƙaru, da abin da ya kasance bayan ruwan ya ƙoshi. Ga AgCl a ruwan NaCl mai ƙarfin 0.10 M, Ag⁺ yana farawa daga sifili, ya ƙaru da s, ya ƙare a s. Shi kuwa Cl⁻ yana farawa daga 0.10, ya ƙaru da s, ya ƙare a 0.10 + s. Idan aka zuba su cikin tsarin Ksp za a samu:

s(0.10 + s) = 1.8 × 10⁻¹⁰

Wasu suna ganin jadawalin ɓata lokaci ne a ɗakin jarrabawa. A ganina layukan nan uku sun fi komai arha, domin masu duba takarda suna ba da maki a kan hanya, kuma wanda ya rubuta su ba ya manta ayon ɗin da ya tarar a ruwa.

Mataki na 5: Sauƙaƙa lissafi, sannan a gwada sauƙin

Tunda gishirin da ƙyar yake narkewa ko a tsabtataccen ruwa, s ɗin da aka ƙara wa 0.10 bai kai ya motsa shi ba. Sai a ɗauka 0.10 + s daidai yake da 0.10. Daga nan s = 1.8 × 10⁻¹⁰ ÷ 0.10 = 1.8 × 10⁻⁹ M. In aka kwatanta da 1.3 × 10⁻⁵ M na tsabtataccen ruwa, narkewar ta ragu fiye da sau 7,000.

Ana yar da s ne kawai a inda aka haɗa shi da babbar lamba ta hanyar tarawa. Wanda yake tsaye shi kaɗai a matsayin [Ag⁺] ba a taɓa shi, domin shi ake nema.

Gishiri mai ayon uku ya fi bukatar natsuwa, saboda amsar ta dogara da wane ayon aka tarar. A ɗauki CaF₂ a ruwa iri biyu masu ƙarfi ɗaya. A ruwan NaF mai ƙarfin 0.010 M:

s(0.010 + 2s)² = 3.9 × 10⁻¹¹

Bayan an yar da 2s, s = 3.9 × 10⁻¹¹ ÷ 1.0 × 10⁻⁴ = 3.9 × 10⁻⁷ M. A ruwan Ca(NO₃)₂ mai ƙarfin 0.010 M kuwa:

(0.010 + s)(2s)² = 3.9 × 10⁻¹¹

Bayan an yar da s na cikin baka ta farko, 4s² = 3.9 × 10⁻⁹, wato s = 3.1 × 10⁻⁵ M. Ƙarfin ruwan ɗaya ne, amma NaF ya danne narkewar sau 80 fiye da yadda Ca(NO₃)₂ ya yi, saboda F⁻ yana ɗauke da sikwaya a tsarin Ksp. A kula kuma cewa (2s)² yana ba da 4s², ba 2s² ba. Wannan ƙaramar baka ta ci makin mutane da dama.

Bayan an sami amsa dole a gwada ko yar da s ya halatta. A raba abin da aka yar da lambar da aka bari, a mayar kashi cikin ɗari. Idan bai kai kashi 5 ba, an yi daidai. A misalin Ca(NO₃)₂, 3.1 × 10⁻⁵ ÷ 0.010 ya ba da kimanin kashi 0.3, ba matsala. A misalin NaF abin da aka yar 2s ne, shi za a gwada, ba s kaɗai ba.

Mataki na 6: Idan sauƙin ya ƙi

Sauƙaƙawa tana faɗuwa idan Ksp yana da ɗan girma, ko kuma ayon ɗin da aka tarar ba shi da yawa. A ɗauki kalsiyom salfet, CaSO₄, mai Ksp 2.4 × 10⁻⁵, a ruwan Na₂SO₄ mai ƙarfin 0.010 M. Idan aka bi gajeriyar hanya, s = 2.4 × 10⁻³ M, kuma gwaji ya nuna kashi 24, ya zarce iyaka nesa ba kusa ba. Dole a buɗe baka a warware da dabarar kwadiratik:

s² + 0.010s − 2.4 × 10⁻⁵ = 0

Abin da ke ƙarƙashin rut shi ne 1.0 × 10⁻⁴ + 9.6 × 10⁻⁵ = 1.96 × 10⁻⁴, rut ɗinsa 0.014. Saboda haka s = (−0.010 + 0.014) ÷ 2 = 2.0 × 10⁻³ M. Amsa ta biyu mai alamar ragi a watsar da ita, domin ba a auna narkewa ƙasa da sifili. A mayar da amsar cikin tsarin don tabbatarwa: 0.0020 × 0.012 = 2.4 × 10⁻⁵.

Ga gishiri irin CaF₂ ko PbCl₂, buɗe baka yana kai mutum ga s³, wanda kwadiratik ba ta warwarewa. Hanya mafi sauƙi ita ce maimaitawa: a ɗauki amsar gajeriyar hanya, a zuba ta cikin bakar da aka yar da s, a sake fitar da sabon s, a ci gaba da haka har amsa biyu a jere su yi daidai. Idan abin da aka yar bai yi girma sosai ba, zagaye kaɗan sun wadatar.

Mataki na 7: Idan an gauraya ruwa biyu

Wani lokaci tambaya ba ta cewa an zuba daskararren gishiri, sai ta ce an haɗa ruwa biyu. A ce an haɗa mililita 50 na AgNO₃ mai ƙarfin 0.020 M da mililita 50 na NaCl mai ƙarfin 0.040 M. Abu na farko shi ne tsarma: jimillar ruwan ta zama mililita 100, don haka Ag⁺ ya koma 0.010 M, Cl⁻ kuma 0.020 M. In aka ninka su an sami 2.0 × 10⁻⁴, wanda ya fi Ksp girma ƙwarai, ke nan farar laka za ta kwanta. Sai a ɗauka ayon ɗin da ya fi ƙaranci ya kwanta kusan duka. Ag⁺ 0.010 zai tafi da Cl⁻ 0.010, ya bar rarar Cl⁻ 0.010 M. Wannan rarar ita ce ayon ɗin da za a sa a layin farko na jadawali, kuma Ag⁺ da ya rage a ruwa shi ne 1.8 × 10⁻¹⁰ ÷ 0.010 = 1.8 × 10⁻⁸ M.

Gargaɗi: mantawa da tsarma shi ne kuskure na farko a nan, na biyu kuma shi ne amfani da 0.020 M gaba ɗaya ba tare da cire abin da ya kwanta ba.

Mataki na 8: Ganin abin da ido a ɗakin gwaji

Malamin da ke son ɗalibansa su ga abin a aikace bai kamata ya fara da gishirin azurfa ba. AgNO₃ yana da tsada, haske yana ɓata shi, yana baƙanta hannu, sannan narkewar AgCl ta yi ƙanƙantar da buret ba zai auna ta ba. Gishirin dalma kuma guba ne. Abin da ya fi dacewa shi ne kalsiyom haidoroksaid, Ca(OH)₂, mai arha, wanda ake iya auna narkewarsa da titireshan, wato ɗiga asid a hankali don auna ƙarfin ruwa, irin wanda ake yi a jarrabawar aikace ta WAEC. Kayan da suka fi cin kuɗi su ne buret da fifet, kuma duk makarantar da ke shiga wannan jarrabawa ya kamata a ce tana da su. Sauran su ne kwalabe biyu masu murfi, mazurari, takardar tacewa, falaski, ruwan HCl mai ƙarfin 0.050 M, ruwan NaOH mai ƙarfin 0.050 M, fenoftalin, ma'aunin zafi da tabaran kare ido.

A zuba mililita 150 na tataccen ruwa a kwalba ta farko, mililita 150 na ruwan NaOH a ta biyu, a ƙara wa kowace kimanin giram 2 na garin Ca(OH)₂. Wannan ya ninka abin da ruwan zai iya ɗauka sau da yawa, kuma haka ake so, domin in babu gari kwance a gindi ba za a ce ruwan ya ƙoshi ba. A rufe, a girgiza sosai, a bar su su kwana.

Gargaɗi kan ruwa: kada a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda, domin sukan ɗauko kalsiyom da kabonet daga ƙasa, wato an shigo da ayon ɗin da ba a lissafa ba. Wanda zai sayi ruwan batir a kasuwa a madadin tataccen ruwa ya gwada shi da takardar litmos tukuna, saboda sunan ɗaya ake kiran wanda ke da asid da shi.

Washegari a tace ta busasshiyar takarda zuwa busasshen falaski, a zubar da kaɗan na farko, kuma a yi aikin da hanzari. Iskar kabon daiyoksaid tana shiga ruwan ta mayar da shi kalsiyom kabonet, ita ce farar yanar da ake gani a saman ruwan da aka bari a buɗe, kuma tana rage abin da za a auna. A ɗebi mililita 25.0 da fifet, a ɗiga fenoftalin sau biyu ko uku, a sauko da HCl daga buret har launin ruwan hoda ya ɓace. A maimaita sau uku ga kowace kwalba. Kada a ja ruwan da baki, a yi amfani da robar zuƙo, kuma idan ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, a nemi likita. Idan ruwan da aka tace yana da duhu-duhu a sake tacewa, domin ƙwayar garin da ta zille za ta sha asid ta kumbura amsa.

Ga yadda lissafin yake. A ce kwalba ta farko ta sha HCl mililita 22.0. Jimillar OH⁻ ita ce 0.050 × 22.0 ÷ 25.0 = 0.044 M, s rabin wannan ne, 0.022 M, kimanin giram 1.6 a lita. Ninkin ayon, wato [Ca²⁺][OH⁻]², ya zama 0.022 × 0.044² = 4.3 × 10⁻⁵. A ce ta biyu ta sha mililita 34.0. Jimillar OH⁻ 0.068 M ce, amma 0.050 daga ciki na NaOH ne, don haka na Ca(OH)₂ 0.018 ne, s kuma 0.0090 M. Ninkin ayon ya zama 0.0090 × 0.068² = 4.2 × 10⁻⁵. Narkewar ta faɗi ƙasa da rabi, ninkin ayon kuwa bai gusa ba sai kaɗan. A lura cewa a wajen neman s ana cire na NaOH, amma a cikin tsarin Ksp jimillar OH⁻ ake sakawa, domin ruwa ba ya bambanta ayon ɗin da ya zo daga wannan kwalba da na waccan. Tunda ana cire lamba daga lamba, ƙaramin kuskure a ƙarfin NaOH yana zama babba a cikin s, saboda haka a auna ruwan NaOH ɗin da HCl ɗin nan a ranar gwajin.

A rubuta zafin ɗakin. Lambobin littafi na digiri 25 ne a ma'aunin Salshiyas, alhali ɗakin gwaji a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana wuce haka da nisa. Ca(OH)₂ kuma yana cikin 'yan tsirarun da narkewarsu ke raguwa idan zafi ya ƙaru, don haka kwalaben biyu su zauna wuri ɗaya, nesa da taga.

Mataki na 9: Iyakar wannan lissafi

Ɗalibin da ya gama gwajin ya buɗe littafi zai tarar an rubuta Ksp na Ca(OH)₂ wajen 5 × 10⁻⁶, kusan kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya samu, sai ya zaci aikinsa ne ya ɓaci. Bai ɓaci ba, kuma kada ya gyara lambobinsa don su yi kama da na littafi. A ruwan da ayon suka yi yawa, kowane ayon yana kewaye da masu kishiyar cajinsa, suna rage masa tasiri, sannan wani ɓangare na kalsiyom yana manne da OH⁻ a matsayin CaOH⁺, wanda asid yake ƙirgawa amma tsarin Ksp bai san da shi ba. Lambar littafi an gyara ta ne don cire waɗannan. Saboda dalili na farkon ne ma gishirin da ba shi da ayon iri ɗaya, kamar KNO₃, yake ɗan ƙara narkewar AgCl maimakon ya bar ta yadda take.

Akwai kuma inda lissafin ke juyewa baki ɗaya. Bisa mataki na 5, ƙarin Cl⁻ kullum yana rage narkewar AgCl, amma a zahiri raguwar tana tsayawa tun Cl⁻ yana wajen 0.003 M. Daga nan rarar Cl⁻ tana kama AgCl ta mayar da shi AgCl₂⁻, wanda ke narkewa, shi ya sa farar lakar take ɓacewa a cikin HCl mai kauri. Ke nan amsar 1.8 × 10⁻⁹ M da aka samu a sama tana nuna Ag⁺ da ke yawo shi kaɗai ne, ita ce kuma ake nema a jarrabawa, amma jimillar azurfar da ke cikin ruwan ta fi haka. Wanda yake son ya kwantar da wani ayon domin ya tace ya auna nauyinsa, ya ƙara sinadarin kwantarwa ɗigo-ɗigo har laka ta daina fitowa, ya ɗan ƙara kaɗan a kai, sannan ya tsaya.